Na'urar maganaɗisu mai jin jijjigar inji: tambayoyin da masu injuna a Yamai suka fi yi

Masu gurup (injin ba da wutar lantarki), masu injin niƙa, masu gidan ƙanƙara da masu kula da famfunan ruwa suna yawan turo tambayoyi kan ƴar na'urar nan da ake liƙawa a jikin inji don a san lafiyarsa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Inda na'urar ke da amfani zan faɗa, inda kuma kuɗinku zai tafi a banza shi ma zan faɗa.

Malam, wai me ke cikin na'urar?

Abu uku ne: maganaɗisu, naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, da sifirin mai laushi. Ɗaya daga cikin biyun farko yana manne da gangar jikin na'urar, ɗayan yana rataye a kan sifirin. Idan inji ya yi jijjiga gangar jikin tana binsa, wanda ke rataye kuwa nauyinsa yana sa ya tsaya kusan wuri ɗaya. Ke nan maganaɗisu da waya suna ta gilma wa juna, kuma duk lokacin da hakan ta faru ƴar wuta tana tashi a cikin wayar. Michael Faraday na Ingila ne ya gano haka a 1831, kuma a kan wannan dokar gurup ɗinku yake ba da kuran.

Yawan wutar da ke fitowa yana bin saurin motsin, shi ya sa ake karanta awon da milimita a sakan. Na'urar ba ta cin batir, ita ke haifar da wutarta. Irinta ce masu neman man fetur ke kakkafawa a ƙasa don sauraren motsin da ke dawowa daga ƙarƙashi.

Akwai wani iri da ba shi da sifirin. Ana manna ƙaramin maganaɗisu a jikin abin da ke motsi, a kafa ɗan guntun lantarki kusa da shi yana auna ƙarfin jan. Idan maganaɗisun ya matso awon ya hau, idan ya ja baya ya sauka. Wasu suna aiki da abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879. Masu kaifin ji a cikin irin waɗannan na'urori sun samo asali daga binciken Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus a 1988, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2007.

Gurup ɗina yana da wani ƙarfe mai waya da aka ɗaura daidai haƙoran babban faifan bayan inji. Shi ne?

Ɗan'uwansa ne, amma aikinsa ƙidaya. Shi ma maganaɗisu ne da naɗin waya, sai dai babu abin da ke motsi a cikinsa. Kowane haƙori da ya wuce gaban bakinsa yana tayar da bugu ɗaya. Gurup da ke ba da kuran irin namu yawanci yana juyi 1500 a minti, wato 25 a sakan. In faifan yana da haƙora 120, bugu 3000 ke nan a kowane sakan, kuma da wannan ƙidayar ake riƙe gudun injin.

Ku kwance shi wata rana ku duba bakinsa. Sau da yawa za ku tarar garin ƙarfe ya yi masa gemu, baƙi ƙirin, haɗe da mai. Wannan gemun kaɗai yana iya sa gurup ya riƙa hawa da sauka ko ya mutu ba dalili, a yi ta zargin famfon gazuwal. A goge shi da tsumma, a mayar a hankali har ya taɓa kan haƙori, sannan a warware shi baya kamar rabin juyi ko fiye kaɗan, gwargwadon abin da littafin injin ya ce, a ɗaure notinsa.

Wadda aka nuna mini a kasuwa tana da maganaɗisu a gindi. Ita ce ta maganaɗisun?

Ba lalle ba ne. Maganaɗisun gindi na liƙawa ne kawai. Yawancin na'urorin hannu da ake sayarwa yanzu wani irin dutse ne a cikinsu wanda ke fitar da wuta idan an matse shi, abin da Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880. Su ma suna da kyau, wani wurin ma sun fi. Ku dai tambayi mai kaya abin da ke ciki.

Yadda aka liƙa na'ura yana rage mata ji ko ya ƙara. Wadda aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe ta fi kowacce ji, ta maganaɗisun gindi tana biye, wadda ake dannawa da hannu ita ce ta baya.

Tsofaffin makanikai suna kafa sukundireba a jikin inji su kai kunne. Wannan bai isa ba?

Ba na raina shi. Maigidan da ya shekara talatin yana wannan aiki zai gaya muku boris, zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya fara ci tun yaransa ba su ji komai ba. Amma kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya gaza bugu 20 a sakan, kuma ko a 25, inda yawancin injunanmu ke juyi, jinsa kaɗan ne. A nan ne kuwa rashin daidaiton nauyi da sassaucin gindi ke fara bayyana.

Na biyu, kunne ba ya ajiye lamba. Wanda ke tare da inji kullum yana sabawa da ƙararsa, ta yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan bai lura ba, sai baƙo ya shigo ya ce wannan inji lafiya kuwa? Kuma ranar da maigida ya tafi Hajji ko ya bar aiki, abin da ya sani ya tafi da shi. Lambar da aka rubuta a littafi tana nan ga duk wanda ya gaje shi.

To wace lamba ce lafiya, wace ce matsala?

Akwai ƙa'idar duniya, ISO 10816, wadda yanzu ta koma ISO 20816. Ana auna jijjiga daga bugu 10 zuwa 1000 a sakan a haɗa ta lamba ɗaya. Ga matsakaicin inji, mai ƙarfin kilowat 15 zuwa 300, da ke zaune a kan gindi mai tauri irin na kankare: ƙasa da milimita 1.4 a sakan halin sabon inji ne, zuwa 2.8 ana iya aiki da shi ba fargaba, tsakanin 2.8 da 4.5 a fara shirin gyara, abin da ya haura 4.5 kuwa yana iya yin ɓarna. Idan gindin mai laushi ne, kamar wanda ke kan roba ko sifirin, iyakokin su ne 2.3, 4.5 da 7.1.

Kada ku ɗauki waɗannan lambobi ku auna injin gazuwal da su. Inji mai fistin yana da jijjiga tun daga haihuwa, kuma ƙa'idarsa daban ce. Ta gurup ita ce ISO 8528-9. Injin niƙa mai guduma shi ma kada a auna shi da lambobin can na sama.

Ni abin da na fi dubawa shi ne tafiyar lambar. A ce famfo ya daɗe yana ba da 1.2, sai wannan wata ya ba da 2.4. Bisa takarda yana cikin lafiya, amma ya ninka, kuma ƙarfe ba ya ninka jijjigarsa haka kawai. Wani kuma tun ranar da aka kafa shi yake 3.0 bai motsa ba. Na farkon ne zai hana ni barci. Wannan ne ya sa awon farko, wanda aka yi lokacin da inji ke sabo ko ya fito daga gyara, ya fi kowane daraja. Wanda ya sayi na'ura bai sayi littafi da biro ba, bai gama sayayya ba.

Ta yaya za ta nuna abin da ya lalace, ba wai kawai akwai matsala ba?

Lamba ɗaya ba za ta nuna ba. Sai an haɗa na'urar da ma'aunin da ke rarraba jijjigar, ya nuna nawa ne ke zuwa sau 25 a sakan, nawa sau 50, nawa sau 100, har sama. Kowace cuta tana da inda take zama.

Mu ɗauki injin lantarki mai juyi kusan 1500 a minti. A gaskiya ba ya cika 1500, yana tsayawa wajen 1450 zuwa 1480 idan yana ɗauke da kaya, amma mu ce 25 a sakan. Idan jijjigar ta taru a 25, kuma ta fi ƙarfi a gefe da sama, nauyin abin da ke juyawa ne ya karkata gefe ɗaya. A garin nan babban mai jawo wannan ƙura ce. Ku buɗe fankar da ke zuƙar gari a injin niƙa bayan hunturu: ƙura da gari da tururin mai sun daskare a jikin fukafukai kamar yaɓe. Muddin yaɓen yana ko'ina daidai, shiru. Ranar da ɓangare ɗaya ya ɓalle, lambar ta yi tsalle. Maganin kankarewa ne, amma a kankare duka fukafukan, don in aka bar ɗaya an ƙara cutar.

Idan 50 ta taso da ƙarfi, kuma jijjigar tana bin tsawon sandar da ke juyawa, injin da famfon da yake juyawa ba su kalli juna daidai ba a inda aka haɗa su. Wannan yakan biyo bayan gyara, lokacin da aka mayar da inji da ido kawai. Idan kun ga jere, 25, 50, 75, 100, kamar matakala, wani abu ya yi sako-sako: notin gindi, kankaren da ya tsage, ko boris da ke wasa a gidansa.

Ta 100 daidai tana da nata labari. Kuran ɗinmu yana bugawa sau 50 a sakan, jan maganaɗisun cikin injin kuma yana zuwa ninki biyu na haka. Gwajinta mai sauƙi ne: ku kashe wuta kuna kallon ma'auni. In jijjigar ta ɓace nan take, alhali injin bai gama juyi ba, daga lantarki take. In ta sauka a hankali tare da gudun, daga ƙarfe take.

Famfo yana da tasa lambar. Mai fukafukai 6 da ke juyi 25 a sakan zai nuna 150. Idan kuma ruwan da yake zuƙa ya yi ƙasa, kamar yadda masu lambu a bakin kogin Isa ke gani a watan Mayu da Yuni, ko rariyar bututu ta toshe, ƙananan kumfa suna tashi su fashe a jikin fukafukan. Ƙarar kamar ana niƙa tsakuwa, a ma'auni kuma ba ta tsayawa a lamba ɗaya, tana bazuwa ko'ina a sama.

Ina ake liƙa ta?

A gidan boris, kusa da boris ɗin iyakar iyawa, a kan ƙarfe mai kauri. Murfin fanka da gwangwanin da ke rufe bel suna da tasu rawar, kada a sa a nan. Kowane boris a auna shi ta fuska uku: sama, gefe, da ta tsawon sanda. A kankare tsatsa da fentin da ya tashi, a goge giris, a yi alama da fenti don gobe a dawo daidai wurin. A bari inji ya ɗumama, kuma a auna shi ɗauke da kayan da ya saba ɗauka. Awon gurup da rana tsaka, duk na'urorin sanyaya ɗaki a kunne, ba a gwada shi da na asuba.

Mai sifirin tana da fuska. Wadda aka ƙera don tsaye, in aka kwantar da ita nauyin ciki zai jingina ya ba da awon ƙarya. Ku duba abin da aka rubuta a jikinta.

Kuma don Allah, Alhaji, in za a matso kusa da bel a tuɓe babbar riga, a naɗe wutsiyar rawani, a tattare wayar na'urar a hannu.

Zafin Yamai da ƙura ba za su kashe ta ba?

Ƙura ba ta shiga, a rufe take. Inda ƙura da ruwan damina ke ɓarna shi ne mahaɗin waya, sai kuma ɓera. Zafi kuwa sai an lura. A Afrilu da Mayu iska kanta tana wuce digiri 40, jikin injin da ke aiki a ɗaki mai rufin kwano ya fi haka nesa. Maganaɗisu mai ƙarfin nan na neodimiyam, na gama-gari, yana fara rasa ƙarfinsa in ya wuce digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Daga nan na'urar za ta riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya, mai inji yana murna. Don wuri mai zafi akwai na samariyam da kobal, wanda ke jure fiye da digiri 200.

Abu biyu kuma: kada ta faɗi ƙasa, sifirin ɗin ba ya son haka, kuma a nisanta ta da taransifoma, injin walda da manyan wayoyin wuta, don naɗin wayarta yana iya ɗaukar jansu ya nuna 50 da ba ta jijjiga ba ce.

Za ta gaya mini tun da wuri cewa boris zai mutu?

A nan ne rauninta yake. Farkon lalacewar boris ƴan ƙananan ƙwanƙwasa ne masu saurin gaske, dubbai a sakan, mai sifirin kuwa jinta yakan ƙare wajen 1000, in ta yi nisa 2000. Kafin ta ji, cutar ta yi nisa. Haka haƙoran giya masu gudu. Wanda damuwarsa boris ce ya nemi mai dutsen nan, ya ɗaure ta da noti.

Ta ƙasa ma tana da iyaka. Yawancinsu ba sa ji sosai ƙasa da bugu 10 a sakan, wato juyi 600 a minti. Inji mai tafiyar hawainiya, irin babbar gangar da ke gasa siminti a masana'anta kamar ta Malbaza, ya fi ƙarfinta. Inda take sarauta shi ne tsakiya: famfo, fanka, injin lantarki, gurup, masu juyi 1500 da 3000. Mafi yawan injunanmu kuwa a nan suke.

Famfon rijiyar burtsatse fa? Mu a Tawa ruwanmu yana da nisa.

Famfon da ke nutse a ƙarƙashi ba ku da inda za ku liƙa masa komai, abin da ke isowa saman bututu kuma ya riga ya gauraya. Ku riƙa rubuta wutar da yake ci da ruwan da yake bayarwa a awa, ku duba yashi a cikin ruwan. Na'urar jijjiga ku bar wa gurup da famfunan da ke sama.

An ce har gada da shato, wato tankin ruwan nan da ake ɗorawa a sama, ana saurare da ita. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Mace in za ta sayi tukunyar ƙasa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa. Mai lafiya tana amsawa garau, mai tsagewa muryarta a dushe. Gada, shaton ruwa da dogon ƙarfen eriya kowanne yana da saurin rawar da ya fi so, wanda nauyinsa da taurinsa suka yanke masa. Ba sai an buge shi ba, iska da motoci sun isa su kaɗa shi. In tauri ya ragu, saurin rawar ya sauka.

Yamai tana da gadoji uku a kan kogi: gadar Kennedy da ke kai mu Harobanda tun 1970, ta abotar Sin da Nijar ta 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021. Ga kowace gada da ƙafafunta ke cikin ruwa, a ko'ina take, abin tsoro shi ne ruwa ya kwashe ƙasar da ke riƙe da ƙafar, musamman a shekarar ambaliya irin ta 2020. Ido ba ya ganin wannan daga sama, amma ƙafar da gindinta ya zaizaye rawarta tana canzawa.

Wahalar aikin biyu ce. Manyan gine-gine rawarsu a hankali take, sau kaɗan a sakan, dogaye ma ba sa cika ɗaya. Na'urar inji mai farawa daga 10 ba za ta ji ba. Ana amfani da masu farawa daga 4.5 ko 1, ko wasu na daban. Sannan yanayi yana motsa lambar. An ga haka a gadar Z24 ta Suwizalan, wadda aka saurara kusan shekara guda a 1997 da 1998 kafin a rushe ta: canjin da sanyi ya kawo ya kai, har ya wuce, na ɓarnar da aka yi mata da gangan don gwaji. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma tsakanin asubar Janairu da azahar ɗin Afrilu akwai tazara. Sai an tara awon shekara guda tare da awon zafi kafin a san abin da ya saba. Shato kuma a cike rawarsa ta fi jinkiri, don haka a auna shi da ruwa iri ɗaya kowane lokaci.

Tsatsa a cikin kankare da ƙaramar tsagewa ba sa canza rawar gada har a lura. Injiniya mai hawa ya duba da ido yana nan da aikinsa.

An taɓa yin babbar asara saboda an ƙyale jijjiga?

Ranar 17 ga Agusta 2009, a madatsar Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Rasha, inji na 2 ya tumɓuke daga mazauninsa, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu. Bincike ya nuna injin ya daɗe yana jijjiga fiye da iyaka, har kusoshin da ke riƙe da murfinsa suka gaji suka karye. Na'urar awo tana jikinsa, lambobin suna fitowa, ba a tsayar da shi ba. Mu da ke jiran madatsar Kandaji, ya kamata matasan da za su riƙe injunanta su san wannan labari.

Wayar salula ba za ta yi ba?

Tana da ɗan abin jin motsi a ciki, kuma akwai manhajojin da ke nuna shi. Don gwada jiya da yau a kan fanka ko ƙaramin famfo, ta fi babu. Amma jinta ba ya nisa, robar bayanta tana shanye motsi, kuma wayoyi biyu ba sa ba da lamba ɗaya. Ba zan tsayar da inji ko in bar shi yana aiki bisa maganarta ba.

In sa ta dindindin ko in sayi ta hannu? Me zan tambaya wurin saye?

Ya danganta da abin da tsayuwar injin za ta jawo. Tashar wuta irin ta Goru Banda, ko matatar ruwa irin ta Gudel, inda inji ɗaya in ya tsaya unguwanni ke ji a jikinsu, irin wuraren da na'urar dindindin ke biyan kuɗinta ke nan: tana aika awo ta waya, yawanci da ƴar wuta mai ƙarfin miliamfa 4 zuwa 20, zuwa allon da zai yi ƙara ko ya kashe injin. Mai gidan ƙanƙara ko mai otal da gurup biyu, ta hannu ɗaya ta ishe shi, a zaga sau ɗaya a wata, a koma kowane mako in lamba ta fara hawa. Masu injin niƙa na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda.

Wurin saye ku tambayi inda jinta ya fara da inda ya ƙare, zafin da take jurewa, ko ta tsaye ce ko ta kwance, da yawan wutar da take bayarwa a kan kowace milimita a sakan, don ma'aunin da za ku haɗa ta da shi sai an saita shi da wannan lambar. Ku karɓi takardar gwajinta. In kuna da abokin sana'a mai irinta, ku liƙa su gefe da gefe a kan inji ɗaya ranar da kuka saya, ku rubuta abin da kowacce ta nuna, ku sake yin haka bayan shekara.